Tirmini: yadda ake haɗa sandar fatsa, da yadda ake gyara wadda ta karye

A ƙaramar hukumar Tirmini, wadda ke kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Damagaram ta nufi Takeita, babu kogi. Ruwan da ake samun kifi a cikinsa na tabkuna ne da kududdufai, waɗanda damina ke cikawa tsakanin Yuli da Satumba, su kuma fara janyewa da zarar iskar hunturu ta taso. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, saboda haka lokacin su gajere ne. Masu neman ruwan da ke daɗewa sai sun nufi madatsun ruwa irin na Kasama da Tumbala, ko tabkin Gidimuni a gabashin Damagaram, wanda aka saka cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019.

A irin wannan wuri, sandar da ta karye a tsakiyar Oktoba ba ƙaramar asara ba ce. Kafin mai ita ya sami wata, ruwa ya ja baya, kifin da zai shiga tukunyar gida ko ya kawo kuɗin cefane ya tafi hannun wani. Sandunan da ake shigowa da su daga waje kuwa suna da tsada, kuma da yawa ba su jure yashi da zafin rana. Sai dai mafi yawan sanduna a wurare uku suke lalacewa: tsini, mahaɗi, da wurin da zare ke bi. Wanda ya san yadda ake ƙarfafa waɗannan wurare uku zai iya haɗa sandarsa da kayan da ke kasuwa da daji, ya kuma tayar da wadda aka jefar.

Zaɓen icce

Abu na farko shi ne sanin kifin da ake nema. Karfasa ba ta da nauyi sosai, tana cin abinci a hankali, don haka tana son sanda mai laushin tsini da za ta nuna motsi kaɗan. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take, idan ta ji ƙugiya sai ta ja da ƙarfi ta nufi cikin ciyawa ko laka. Ita tana buƙatar sanda mai kauri wadda ba ta lanƙwasawa sai daga tsakiya zuwa sama. Sanda ɗaya ba ta cika yi wa kifayen biyu daidai ba.

Iccen da ya fi dacewa shi ne gora, wato mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki, wadda ake kawowa daga kudu ana sayarwa a wurin ƴan katako da kayan rufin ɗaki. Idan babu gora, akwai itatuwan gida masu danƙo: dargaza, wadda aka daɗe ana yin baka da sanduna da ita, da geza, wadda ake saƙa gadaje da kujeru da rassanta. Miƙaƙƙen reshen dogon yaro ma yana yi, amma ya fi nauyi kuma ya fi saurin karyewa idan ya bushe ƙarau. Tukurwa ba ta da nauyi, sai dai cikinta laushi ne, ba ta ɗaukar babban kifi.

Ga mai tsayawa a bakin tabki, tsawon mita 3 zuwa 4 ya isa. Gindin ya kai kaurin babban yatsa, wato santimita 2 zuwa 2 da rabi, ya yi ta sirancewa a hankali har tsinin ya koma ƙasa da kaurin fensir. Sirancewar nan ita ce sirrin sanda. Idan kauri ya ragu farat ɗaya a wani wuri, a nan za ta karye. A wajen sayen gora, a duba a ga babu tsaga a kusa da gaɓoɓi, babu ƙananan huji da gari ke zuba daga cikinsu. Wannan gari alama ce ta ƙwaro ya riga ya shiga. Gorar da ta shekara uku ko fiye kafin a sare ta ta fi ƙarama ƙarfi, kuma ana gane ta da nauyinta da kaurin jikinta.

Busarwa da miƙewa

Lokacin ɗari ne ya fi dacewa da saran icce, domin ruwan jikinsa ya ragu, ƙwari ba su cika damunsa ba. Idan gora ce, a yanke ta ƙasa da gaɓa kaɗan, don gindin ya kasance a rufe. A sassabe rassa da wuƙa mai kaifi ba tare da an ci jikin sandar ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shanya sanda a rana. Rana da iskar hunturu suna busar da bayanta kafin cikinta, sai ta tsage. A inuwa ake busarwa. A ɗaure tsinin a jikin azara ko reshen icce, a rataya dutse a gindin, a bar ta a tsaye wata biyu zuwa uku. Nauyin dutsen ne zai riƙa miƙe ta yayin da take bushewa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar haka take a zahiri: karkatar da aka bari ta bushe ta fi wuyar gyara.

Abin da ya rage na karkata da wuta ake gyara shi. A hura gawayi ya zama garwashi marar harshe, a riƙe wurin da ya karkata sama da shi kamar taƙi ɗaya, ana jujjuyawa. Idan ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a ɗora a gwiwa a miƙe a hankali, a riƙe haka har ya huce, ko a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma. Wurin da ya yi baƙi ya ƙone ke nan, ƙarfinsa ya tafi. Bayan haka a goge gaɓoɓin da magagari ko takardar goge katako, amma kada a kankare bayan gorar da zurfi, domin jijiyoyin da ke ba ta ƙarfi suna nan dab da fatarta.

Kafin a ci gaba, a gwada ta. A ɗaura robar ruwa mai rabin lita a tsini, a ɗaga a hankali. Idan sandar tarwaɗa ce, a sa mai lita ɗaya, wato kilo guda. Sanda mai kyau tana lanƙwasawa kamar baka, ba tare da wani wuri ya karye kwana shi kaɗai ba. Gara ta karye a tsakar gida da ta karye a bakin ruwa da kifi a ƙugiya.

Naɗi: aikin da ya fi kowane muhimmanci

Duk wani ƙarfin da ake ƙara wa sanda daga naɗin zare yake zuwa. Zaren lilo mai ɗan kauri, irin na ɗinkin takalma, shi ake amfani da shi. Ana naɗe tsini tsawon santimita 3, da bakin kowane mahaɗi, da duk inda aka ga alamar tsaga.

Naɗi mai kyau ba ya da ƙulli a waje. A kwantar da bakin zaren a jikin sanda, a naɗa a kansa sau biyar ko shida don ya danne, sannan a ci gaba da naɗawa da ƙarfi, kowane zagaye yana manne da ɗan'uwansa, babu hawa kan juna. Idan ya rage zagaye shida a gama, a ninka wani guntun zare biyu, a kwantar da shi a kan naɗin, bakin ninkin yana kallon inda za a ƙare. A naɗa sauran zagayen a kansa, a yanke zaren, a zura bakinsa cikin ninkin, a ja guntun ta baya. Bakin zaren zai shige ƙarƙashin naɗin ya ɓuya. A datse abin da ya leƙo da reza.

Daga nan sai a rufe naɗin don kada ruwa ya shiga. Gam mai bututu biyu, wanda ake gauraya kashi ɗaya da ɗaya, shi ya fi ƙarko. Jan farce marar launi ma yana yi idan aka shafa sau uku, ana barin kowane shafi ya bushe. Ƙaro ba ya wannan aiki, domin ruwa na narkar da shi. Gam mai kamawa nan take kuma yana bushewa da tauri kamar gilashi, sai ya tsattsage idan sanda ta lanƙwasa. Sauran jikin sandar a shafe shi da man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako, ko a murza masa kakin zuma a gefen wuta har ya sha.

Mariƙi kuwa, tsawon santimita 30 a gindi ya wadatar. A yanka robar cikin tayar keke siriri a naɗe, ko a kai wa dukawa su rufe shi da fata kamar yadda suke yi wa kuben wuƙa. Mariƙin da ba ya santsi yana hana sanda suɓucewa idan hannu ya jiƙe da majinar kifi.

Yadda ake ɗaura zare

Yawancin masu fatsa a tsini kawai suke ɗaure zare. Ranar da babbar tarwaɗa ta karya tsinin, ta tafi da shi da zare da ƙugiya gaba ɗaya. Maganin wannan mai sauƙi ne. A fara ɗaure zaren a saman mariƙi, a bi da shi jikin sanda ana zagayawa a hankali har tsini, a sake ƙulle shi a can, sannan a bar tsawon da zai shiga ruwa. Ko da tsini ya karye, kifi yana nan a hannu. Tsawon zaren da ke lilo kada ya wuce tsawon sandar da yawa, in ba haka ba fitar da kifi zai yi wuya. Guntun totuwar kara ko na tsohon silifa ya isa ya zama abin da ke yawo a kan ruwa yana nuna kifi ya ci, ƴar dalma kuma ta riƙe ƙugiya a ƙasa.

Wanda ke da ƙwarƙwaron naɗe zare, yana son yin jifa nesa, sai ya sa wa sandar zobba. Kafin a ɗaura su, a nemo bayan sandar: a dafa gindin a ƙasa, a ɗora tsinin a tafin hannu, a danna tsakiya ta lanƙwasa, a riƙa mirgina ta. Akwai gefen da za ta yi tsalle ta zauna a kansa da kanta. A yi alama a cikin lanƙwasar, a jera zobban a kan wannan layi ɗaya. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce zobe ɗaya ga kowane santimita 30 na tsawon sanda, amma ba a raba su daidai: na farko yana santimita 10 zuwa 12 daga tsini, tazarar kuma tana ƙaruwa yayin da ake gangarowa. Ana iya lanƙwasa zobe da wayar ƙafar keke, a daddale ƙafafunsa da guduma, a goge bakinsu da magagari don zare ya hau kansu sumul. A zura auduga cikin kowane zobe a ja. Idan ta maƙale, akwai kaifin da zai ci zare.

Doguwar sanda tana da wuyar ɗauka a kan babur. Mai son raba ta biyu zai iya yanka bakunan biyu a karkace, tsawon yankan ya ninka kaurin sandar sau shida zuwa takwas, ya haɗa su fuska da fuska ya naɗe da roba idan ya isa bakin ruwa. Wata hanyar ita ce a sa guntun bututun ƙarfe marar nauyi a manne shi a ɓangare ɗaya, ɗayan ya riƙa shiga ciki. Ko wace hanya aka bi, sai an naɗe sandar da zare a bakin mahaɗin, domin a nan nauyi ke taruwa.

Gyaran sandar da aka shigo da ita

Sandunan kanti, musamman masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, da zaren gilashi ko na kabon ake yin su, kuma cikinsu rami ne. Babban abokin gabarsu a wannan yanki shi ne yashi. Yana shiga tsakanin gaɓoɓin ya cinye su, ko ya sa su maƙale. Bayan kowace fita, a kwance murfin gindi, a zare gaɓoɓin, a wanke da ruwa, a bar su su bushe a inuwa. Ba a sa musu mai, domin mai yana riƙe yashi. Idan gaɓa ta maƙale, a cire murfin, a tsayar da sandar a kan tsumma a daɓe, a riƙa buga ta ƙasa a hankali. Awartaki yana murƙushe ta.

Idan tsini ya karye, a ɗan gasa zoben ƙarshe da ashana daƙiƙa biyu ko uku, gam ɗin zai saki, a zare shi. A daidaita bakin da ya karye, a goge shi har zoben ya shiga, a manne. Sandar za ta rage tsawo kaɗan ta kuma ƙara tauri, amma za ta yi aiki.

Idan a tsakiya ta karye, a yanke bakunan biyu daidai da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora. A samo guntun wata matacciyar sanda, tsawon santimita 8 zuwa 10, wanda zai shiga ramin ya zauna daram. Shi ya sa ba a jefar da karyayyar sanda: ita ce kayan gyaran wata. A shafa gam mai bututu biyu, a zura rabi nan rabi can, a duba zobba suna kan layi, a naɗe waje da zare har ya wuce wurin karayar da santimita 2 ta kowane gefe, a rufe naɗin da gam. A bar ta kwana ɗaya cur kafin a lanƙwasa ta. Garin zaren gilashi yana sa ƙaiƙayi kuma ba shi da kyau ga huhu, don haka a jiƙa wurin kafin a goge.

Akwai lalacewar da ba ta gyaruwa. Sandar da mota ko dabba ta taka ta murƙushe tsawon taƙi, ko gorar da ƙwaro ya mayar da cikinta gari, a cire zobba da mariƙi kawai a ajiye don wata.

Fatsa da ƙudan ƙarya

A Turai da Amurka akwai wani salon fatsa da ba a sa tana ko nama. Ana ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta ta sauka a kan ruwa. Domin wannan salo ne maƙeran sanduna na Amurka a ƙarni na 19 suka riƙa tsaga gora, su fere ta, su manne tsagi shida su zama sanda ɗaya mai kusurwa shida. Hiram Leonard na jihar Maine ya yi suna da wannan aiki a shekarun 1870, kuma gorar da aka fi so daga baya ita ce ta lardin Guangdong na ƙasar Sin. Zaren gilashi ya shigo bayan yaƙin duniya na biyu, na kabon kuma a farkon shekarun 1970. A Japan kuwa akwai salon da ake kira tenkara, wanda ba shi da ƙwarƙwaro ko kaɗan: doguwar sanda, zare a tsini, da ƙudan ƙarya. Wannan bai da bambanci sosai da sandar gorar da aka bayyana a sama.

Kayan ƙudan ƙarya suna nan a kowane gida. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana cikin waɗanda masu wannan sana'a a waje ke saye da kuɗi. A ɗauki ƙaramar ƙugiya, a naɗe jikinta da baƙin zare ya zama kamar jikin ƙwaro, a ɗaura ɗan gashin zabo a kusa da idon ƙugiyar, a zagaya shi sau biyu ya baje, a ƙulle, a ɗiga jan farce. Da sassafe ko dab da magariba, lokacin da ƙwari ke faɗawa ruwa kuma ake ganin kifi na tasowa, a riƙa sauke shi a kan ruwa ana ɗagawa. Karfasa da ƙananan kifaye na kai masa cafka. Tarwaɗa dai ta fi son tana, fara ko hanjin kaza a ƙasa.

Ajiya, doka da lafiya

Daga lokacin da tabkuna suka ƙafe zuwa damina mai zuwa, sanda na iya yin wata bakwai a ajiye, kuma a nan da yawa ke mutuwa. Wadda aka jingine a kusurwar ɗaki tana karkacewa, gara kuma ta hau ta daga ƙasa. A rataye ta a tsaye, ko a kwantar da ita a kan azara inda duk tsawonta ke da abin tokara. Hayaƙin madafa yana korar ƙwari daga gora. A kwance zare, a busar da ƙugiyoyi a shafa musu ɗan mai don kada su yi tsatsa.

Sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki, haka ma jiƙaƙƙiyar gora. Kada a ɗaga doguwar sanda a ƙarƙashin wayoyin wuta, kuma idan hadari ya taso da walƙiya a kwantar da ita a bar bakin ruwa. Ruwan da ba ya gudu yana iya ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Ɗaya daga cikin amfanin doguwar sanda ke nan: mutum yana kamun kifinsa ƙafarsa a tudu. Yaran da ke zuwa fatsa a ramukan da aka haƙi ƙasar gini kuwa suna buƙatar babba a kusa, domin bakin irin waɗannan ramuka yana zurmawa.

Tabki kuma yana da masu shi. Inda ma'aikatan ruwa da gandun daji suka zuba irin kifi, akan tsayar da lokacin buɗe su da na rufewa, tare da sarkin ruwa ko kwamitin gari, kuma mai su domin sayarwa yana buƙatar takardar izini. Tun a dokar su ta ranar 7 ga Disamba 1998, Nijar ta haramta kamun kifi da guba ko abubuwan fashewa. Fatsa tana da wani alheri da taru mai ƙananan ido ba shi da shi: tana kama kifi ɗaya-ɗaya, mai ita yana iya zare ƙugiya ya mayar da ƙarami ruwa ya girma.

Wanda ke son shiga damina da sanda a shirye, a watan Disamba ko Janairu zai sari iccensa, ya rataye shi har Maris, ya yi miƙewa da naɗi a cikin bazara. Kafin ruwan Yuli ya sauka, gam ya bushe, an gwada ta da robar ruwa a tsakar gida, an kuma ajiye guntun tsohuwar sanda da ƙullin zare a cikin jaka domin ranar da za a buƙace su.